KAFIN A SAYAR DA GONA A GYARA GIDAN HAYA: abin da na gani da na zagaya unguwarmu da littafi da biro

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan uwa da suka ce data ba ta kai su sauraron murya. Na bar shi kusan yadda na faɗe shi, in ban da ɗan gyara nan da can.

Yau ba siyasa za mu yi ba, ba kuma maganar katin zaɓe ba. Maganar gidanmu zan yi muku, kuma sai da na nemi izinin Hajiyarmu kafin na kunna na'ura.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya rasu ya bar mana abu biyu da za a kira dukiya. Na farko gona ce a ƙauyenmu, nan ƙasar Ɗambatta. Na biyu wani tsohon gidan haya ne a gefen garin Ɗambatta, ɗaki takwas, rabi ginin ƙasa rabi bulo, tsakar gida ɗaya, banɗaki ɗaya, da rijiyar da kan ƙafe tun kafin zafin bazara ya kankama. Lokacin da wannan magana ta taso, ɗaki biyar ne da mutane, uku kwanonsu na yoyo ba mai kwana ciki. Kowane ɗaki naira dubu 25 a shekara, wato dubu 125 ke shigowa, in kowa ya biya ke nan.

Bayan sallar layya ta bara Yayanmu, wanda ke aiki a birni, ya tara mu a ɗakin Hajiya. Ya zo da hotuna a waya: tayil, silin na zamani, fenti fari tas. Ya ce a fasa ɗakunan nan takwas a mayar da su ciki da falo guda huɗu, kowanne da banɗakinsa da kicin. Birkila ya yi masa lissafi, miliyan 9. Ya ce kowanne zai ci dubu 250 a shekara, miliyan ɗaya ke nan, shekara tara kuɗi sun dawo. Hajiya ta ce, to kuɗin fa daga ina? Ya ce a sayar da gona.

Wallahi ɗakin ya yi tsit. Kuma ku fahimce ni, Yaya ba mugu ba ne, shi ya biya min kuɗin makaranta shekara biyu. Abin da ya gani a Rijiyar Zaki da Kabuga ne yake son ya kawo gida. Ni dai na ce, Yaya, a ba ni wata ɗaya kafin a kira dillalin gona. Ya yi dariya ya ce, to ɗan boko, je ka yi bincikenka.

Bari in fara da gonar, don wanda ba ɗan wannan yanki ba zai ɗauka fili ne kawai. A Jami'ar Bayero, sashen nazarin ƙasa, an koya mana aikin wani Bature ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda tun shekarun 1960 ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yawan jama'a da kuma yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ita da takin dabbobi da tokar gida da sharar birni da jakuna ke ɗaukowa. Na karanta shi don cin jarrabawa, alhali rayuwar gidanmu ce. Hau babur daga Minjibir zuwa Ɗambatta, ko daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, ka nuna min dajin da ba mai shi. Babu. Gona na jingine da gona, kowane gawo da kowace ɗorawa da mai ita. Ga gado yana ta yanka gonakin ƙanana, uba ya bar eka biyar, 'ya'ya goma su raba. A irin wannan ƙasa in ka sayar da gonar da aka shekara arba'in ana zuba wa taki, da wuya ka sake samun irinta, ko da kuɗin na hannunka. Gero da dawa da waken da ake samu a tamu su ke riƙe tukunyar Hajiya fiye da rabin shekara. To abin da aka ɗora a kan faifai ke nan.

Na sayi littafi mai layi na fara yawo. Kuskuren farko da na yi, dillalai na fara tambaya. Dillali la'ada yake ci, in haya ta yi tsada shi ta yi wa daɗi, don haka kuɗin da zai faɗa maka shi ne wanda mai gida yake fata, ba wanda ɗan haya ya ƙirga ya bayar ba. Ɗaya ya ce min, ai ciki da falo yanzu ko dubu 300 ka sa, kafin fenti ya bushe an kama. Na ce masa, Alhaji, nuna min guda ɗaya da aka kama a haka in je in gaisa da mai shi. Sai ya shiga ba ni labarin wani gida a hanyar Kazaure da ba a ma gama ba.

Wanda ya buɗe min ido ɗan garuwa ne. E, mai tura kurar ruwa. Shi ya san gidan da ke shan jarka goma a rana da wanda ya koma shan uku, ya san ɗakin da aka kulle tun watan azumi, ya san wanda ya tashi da dalilin tashinsa. Na saya masa shayi da burodi, ya zagaya da ni layi shida. Bayan shi sai mai cajin waya, sai mai unguwa, wanda duk rigimar kuɗin haya a ƙofar gidansa take ƙarewa. Gidajen matan aure kuwa ban isa in shiga ba, sai na roƙi ƙanwata ta shiga. Abin da ta fito da shi ya fi nawa amfani, zan zo kansa.

A layukan nan shida na ƙirga gidan haya 23. Tambayar da na riƙa yi guda huɗu ce: wa ke ciki, nawa ya biya da hannunsa, yaushe yake biya, kuma ɗaki nawa ne a rufe. Ta ƙarshen nan ita mutane ke mantawa. Kowa na kallon gidan da ya cika, ba mai ƙirga kwaɗon da ya yi tsatsa.

Abu na farko da na gane, kuma na ji kunyar ban gane shi tun a ɗakin Hajiya ba: ɗan gari ba ya haya. Mu nan in saurayi zai yi aure, a gidan ubansa ake yanka masa sashe, ko a ja katanga a bayan gida a yi masa ɗaki da rumfa. Ko ba shi da ko sisi, 'yan uwa za su buga masa bulo. A ce wane ya kai amarya gidan haya a garin ubansa, abin magana ne. Saboda haka yawan jama'ar da kake gani ranar Lahadi a kasuwar Ɗambatta, har ba wajen taka ƙafa, ba shi ne yawan masu neman haya ba. Da la'asar za su kora dabbobinsu su koma ƙauyukansu. A birni kusan duk wanda ka gani a titi zai iya zama ɗan hayarka. A nan sai baƙo.

To su wane ne baƙin? Malaman makaranta da aka turo, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, masu bautar ƙasa, ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ba su samu ko ba sa son ɗakin makaranta, sai 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da suka zo daga wasu garuruwa. Na zauna da su ɗaya bayan ɗaya, kuma labarin wani malamin sakandare ya tsaya min a rai. Ya ce da can kullum daga Kano yake zuwa ya koma, tafiyar kamar awa guda ce. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya cinye masa albashi, sai ya kama ɗaki ɗaya, yana kwana Litinin zuwa Alhamis, Juma'a ya tafi wajen iyalinsa. Na ce, Malam, da za ka samu ciki da falo mai tayil a dubu 250 fa? Ya kalle ni ya ce, ɗana, ina biyan haya a Kano, nan katifa da buta kawai na ajiye. Irinsa na samu da dama. Cire tallafin ya ƙaro masu neman ɗaki, gaskiya ne, amma ɗaki mai araha suke nema, na kwana huɗu a mako.

Ɗalibai kuma su uku su huɗu suke haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya. Daga ƙofarmu zuwa makarantarsu sai an hau babur, ga gidajen da suka fi mu kusa. Kuma wanda ya jingina gidansa da ɗalibai ya tuna 2020 da aka rufe makarantu saboda korona, ya tuna 2022 da malaman jami'a suka yi wata takwas suna yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ku tambayi masu gidajen haya a kusa da jami'o'i yadda suka ji a jikinsu. Mai bautar ƙasa shekara ɗaya ce, ya tafi, kuma ba ka da tabbacin za a turo wani.

Irin ginin da Yaya yake so, akwai shi. Na samu guda bakwai a yankin. Uku a rufe, ɗaya har gizo-gizo ya yi saƙa a tagarsa. Huɗun da ke da mutane, mafi tsada dubu 150, mafi araha dubu 110, kuma biyu daga cikinsu kashi biyu suke biya. Ba wanda ya kusanci dubu 250. Wani mai gida, dattijo ne da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a ciki, ya ce min da ya sani da shaguna ya yi. Ban ji daɗin ganin fuskarsa ba lokacin da yake faɗa.

Yanzu ga abin da ƙanwata ta jiyo a cikin gida. Ba matar da ta ambaci tayil. Ko ɗaya. Maganarsu uku ce: ruwa, banɗaki, da sutura. Wata ta ce kuɗin da suke ba ɗan garuwa a shekara ya fi kuɗin hayar ɗakin. Na zauna na buga, jarka huɗu a rana, na ga ba ƙari ta yi ba. Wata ta ce sun bar wani gida ne saboda banɗaki ɗaya suke bi da gwauraye, mijinta ya ce ba zai iya ba. A nan na gane dalilin da ya sa masu iyali ba sa daɗewa a gidanmu: tsakar gida ɗaya, ƙofa ɗaya, saurayi na wanki a nan, matar aure na girki a can. A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin aibi ba ne a gidan haya, kuma katanga ɗaya da ƙofa ta biyu sun isa su gyara shi. Ba ya cikin lissafin birkilan Yaya.

Sai wani abu da ban je nema ba. Ɗakunanmu biyu na gaba suna kallon hanya. Mutum uku daban-daban suka tambaye ni ko za a ba su su zuba kaya. Masu sayen hatsi ne da kaka, gero, wake, gyaɗa, riɗi, su ajiye sai farashi ya motsa su kai Dawanau, babbar kasuwar hatsin nan da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. Buhu ba ya neman banɗaki, ba ya jan ruwa, ba ya rigima da maƙwabci. Abin da yake so daɓe mai kyau, rufin da ba ya yoyo, ƙofar ƙarfe, da maganin ɓera. Kuma masu shi da kaka suke da kuɗi a hannu, su biya na shekara gaba ɗaya. Wannan ya koya min in riƙa tambayar lokacin biya, don ma'aikaci sai ƙarshen wata, wani lokaci kaɗan-kaɗan, ɗan kasuwar hatsi kuwa sau ɗaya.

Da na koma wa Yaya da littafin, sai ya kawo maganar jirgin ƙasa. Ya ce layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta Ɗambatta zai bi, ya wuce Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, in ya fara aiki garin zai cika da baƙi. Gaskiya ne ana aikin, tun Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da shi, kuma ina fatan a gama lafiya. Amma na ce masa, Yaya, ka tuna Bichi. A 2019 aka yi mata masarauta mai daraja ta ɗaya, mutane suka yi ta lissafin yadda gari zai bunƙasa. A Mayun 2024 aka soke dokar. Ba ina cewa wane ya yi daidai wane ya yi kuskure ba, wannan shirin wata rana ne. Abin da nake nufi, wanda ya yi gini saboda baƙin da yake jin za su zo, shi zai yi ta gadin ɗaki har su zo. In jirgi ya fara tsayawa muka ga masu jaka suna neman ciki da falo, gidan na nan, sai mu gyara. Gonar ce in ta tafi ba ta dawowa.

Sannan muka zauna kan lissafin, kuma a nan nake so matasa ku buɗe kunne, don kuskuren nan ina jin sa a bakin masu digiri ma. Yaya ya raba miliyan 9 da miliyan ɗaya ya samu shekara tara. Amma gidan ai ba daga sifili yake tashi ba, yana kawo dubu 125 ko ba a taɓa shi ba. Abin da gyara ya haifar shi ne ƙarin da aka samu a kan wannan, shi za ka raba kuɗin gyaran da shi. In muka ɗauki dubu 130 a kowane sashe, huɗu sun ba da dubu 520. Cire dubu 125, saura dubu 395. Raba miliyan 9 da wannan, ka kusa shekara 23. Wannan fa in duk huɗun sun cika kowace shekara, ba a canza famfo ba, ba a sake fenti ba. Alhali na ga uku cikin bakwai a rufe da idona.

Ita kanta miliyan 9 ɗin ba tsayayya ba ce. Kun tuna farkon 2024 da buhun siminti ya haura dubu 10 a wurare da yawa, har gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu aka yi maganar dubu 7 zuwa 8. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Kayan gini na tashi da gudu, kuɗin haya a karkara kuwa da rarrafe yake bi, don albashin malamin da zai biya ka ba ya tashi tare da siminti. Gero da wake su suna bin farashin kasuwa. Ka ga ke nan ana so mu sayar da abin da ke bin tsadar rayuwa mu sayi abin da ba ya bin ta.

Na kawo nawa tsarin. A canza kwanon da ke yoyo, a ja katanga a raba gidan biyu, ɓangaren masu iyali da ƙofarsa, ɓangaren gwauraye da tasa, a ƙara banɗaki biyu, a yashe rijiya a ƙara mata zurfi a sa tanki, a yi wa ɗakuna biyun gaba daɓe da ƙofar ƙarfe su zama sito. Wani birkilan ya ce miliyan 2 da dubu 300. Ɗaki shida a dubu 45, sito biyu a dubu 80, jimla dubu 430. Cire dubu 125 na da, ƙarin dubu 305 ne, shekara bakwai da rabi. Ba wata riba ce ta a zo a gani ba, kar in yaudare ku. Amma ba a taɓa gona ba.

Akwai abin da lissafi bai nuna ba, Hajiya ce ta tuna mana. Cikin 'yan hayar akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, tana tuya a ƙofar gida, shekararta goma sha ɗaya a ɗakin. Tsarin Yaya na nufin a ba ta wa'adi ta kwashe kayanta. Nawa tsarin ma, in an bi shi tsaf, ya kusa ninka mata haya. Ni da nake hawa nan ina zagin masu gidajen da ke korar talaka, sai ga shi na rubuta dubu 45 a gaban sunanta ban ko ji ɗar ba. Hajiya ta ce, ɗakin Maman yara ba a ƙara ko kwabo, in ya so a cire daga kasona. Aka bar nata a dubu 25. Lissafina ya ƙaru da wata shida, na yi shiru.

Wani abu kuma, kuma don Allah duk mai gidan gado ya riƙe wannan. Gidan ba na Yaya ba ne, ba nawa ba ne. Hajiya na da tumuninta, mata na da kasonsu, har da yayarmu da ke aure a Kazaure wadda ba a ma kira ta zaman farko ba. In ɗaya ya zuba kuɗinsa a gidan da ba a raba ba, bashi ya ba gidan, ko kyauta ya yi, ko kasonsa ya ƙaru? In ba a rubuta ba, yau ana dariya, bayan shekara goma 'ya'yanmu ne a gaban alƙali. Mun rubuta, kowa ya sa hannu a gaban mai unguwa da Kawunmu da shaidu biyu: wanda ya sa kuɗi za a fara biyansa daga haya, abin da ya rage a raba yadda shari'a ta ce.

Kuɗin kuma a hankali aka haɗa. Aka sayar da shanun kiwo biyu, yayarmu ta kawo kwasar adashinta, Yaya ya sa dubu 800 duk da ransa bai so ba. Rufi da katanga aka fara yi kafin damina, sito kuma aka gama daf da kaka, aka kama su a sati ɗaya. Ɗakunan ɓangaren masu iyali sun cika. Na gwauraye ɗaya har yanzu a rufe yake, wata na biyar ke nan, wanda ke nuna ni ma na yi zaton masu nema sun fi haka yawa. Kuma na yi ƙirgata ne a wata ɗaya tak, da rani. Da zan sake, sai na ƙirga sau biyu, da damina da kuma bayan kaka, don garin ba kamarsa ɗaya ba a lokutan nan. Tankin ruwa ma ba a sa ba tukuna, kuɗi sun ƙare.

Ni da Yaya muna gaisawa lafiya, amma har gobe yana cewa na hana gidan ci gaba, kuma ranar da jirgi ya tsaya a Ɗambatta zai kira ni a waya. Na ce ina jira, Yaya. Littafin nan kuwa yana hannun wani abokina a Bichi, su ma suna da irin wannan gidan kusa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ya ce zai fara da ɗan garuwan layinsu. In ya gama zan gayyato shi ya faɗa muku abin da ya ƙirgo da bakinsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.